Injin Da Ya Ɓata A Hanyar Shuɗin Gida

Gidana shuɗi ne. Duk wanda aka haifa a unguwarmu, can saman garin Adjuntas, ya san haka. Gaskiya ne bayan guguwar María na sa an shafa masa fenti ruwan ɗorawa, don shi kaɗai ya rage a shago a lokacin, amma wannan bai canja komai ba. Ka tsayar da kowa a hanya ka tambaye shi gidan Doña Monse, wato ni, zai ce maka shuɗin gida. Na fara da wannan ne saboda har yau akwai masu cewa ni na jawo abin da ya faru, ni kuwa ban yarda ba.

Yarimar 'yar ƙanena ce. Uwarta ta rasu tana rarrafe, ubanta ya tafi Hartford neman aiki ya manta hanyar dawowa, sai ta zama tawa, tana kirana Titi, wato goggo. Ni Allah bai ba ni haihuwa ba. Da fida da madarar gwangwani na raine ta, ga ta nan kuma ta fi ni tsawo. Da ta yi aure ma ba ta bar gidan ba, domin mijinta Wilfredo yana aikin gini a Florida, sai ƙarshen shekara muke ganinsa.

Cikinta yana wata bakwai naƙuda ta zo mata da rana tsaka, tana cikin shanya. Aka kwashe ta zuwa babban asibiti a Ponce, aka yi mata aiki, aka ciro yaro namiji wanda bai cika tafin hannuna biyu ba. Ta sa masa suna Amaury. Ban samu na ɗauke shi ba, ita ma ba ta samu ba. Nan take aka saka shi a kwalba, aka jona masa wayoyi da siraran robobi ta hanci da ta cibiya. Bayan 'yan kwanaki aka sallame ta, shi aka riƙe shi. Muka hawo dutse mu biyu, kujerar jaririn da muka ɗaure a bayan mota babu kowa a cikinta.

Ranar sallamar, nas ɗin ɗakin bakwaini, Misis Lugo, wata gajeruwa mai muryar soja, ta zaunar da mu ta kalli Yarimar ido cikin ido.

“Saurara, uwa. Magani muna da shi, injuna muna da su. Abu ɗaya ne ba mu da shi a ɗakin nan, shi ne nononki. Hanjin bakwaini ba ya son na gwangwani. Yanzu bai fara sha ba, amma zai fara, kuma ranar ina so in buɗe firij in ga sunanki a ciki. Ki yi ta tatsa dare da rana. In kika bari, jikinki zai ɗauka babu mai buƙata, ya rufe famfo.”

Yarimar ta ce to. Tun daga wannan rana babu abin da ke kanta sai wannan magana.

Tana aiki a ofishin ƙungiyar manoman gahawa, kuma suna da inshorar lafiya. Likita ya rubuta mata takarda, 'yan inshora suka ce haƙƙinta ne, injin tatsar nono mai amfani da wuta, ɗaya ga kowace haihuwa, kuma har gida za a kawo. Na ce kai, ashe ana samun abin arziki a wurin mutanen nan.

Ranar da aka kawo shi muna Ponce, mun je duba yaro. Wayar Yarimar ta yi ƙara, ni na ɗauka don tana ciki. Direban kamfanin kai kaya ne, daga jin muryarsa ka san mutumin birni ne.

“Doña, taswirar wayata ta kawo ni bakin wata gada ta ce na iso. Ni kuwa ban ga komai a nan ba sai ayaba.”

Na ce, “Ajiye wayar nan ka saurare ni. Ka haye gadar, ka wuce shagon Doña Chepa, in ka kai babban mangwaron nan ka yi hagu. Shuɗin gida, gidan Pietri. In ba kowa ka ajiye a baranda, a nan ba a sata.”

Ya yi godiya ya kashe.

To, Doña Chepa ta daɗe da rasuwa, shagonta yanzu wurin facin taya ne. Mangwaron kuma guguwa ta tuge shi, kututture kawai ya rage, ciyawa ta rufe shi. Amma wurin ai yana nan bai tafi ko'ina ba. Mu haka muke kwatance tun kakanni, kuma ban taɓa jin wani ɗan unguwa ya kwana a daji ba.

Muka dawo da yamma, baranda wayam. Na ce ƙila gobe. Gobe ta zo ta wuce, jibi ma haka.

Yarimar ba ta zauna jira ba. Da hannu take tatsa, kamar yadda aka nuna mata a asibiti, ta sunkuya a bakin gado da 'yar gorar roba, ɗinkin cikinta yana ja, tana cije leɓe. Da farko ƙirjin ya cika ya yi tauri har ba ta iya ɗaga hannu, amma abin da ke fitowa kaɗan ne. Na sauka gari na sayo mata irin na matsawa da hannu a kantin magani, ya yayyage mata fata, ta jefar da shi tana hawaye. A asibiti akwai babban inji, in ta zauna a kansa tana samun abin kirki. Sai dai hanyar Ponce duk kwana ce, mai ɗinki a ciki ba ta iya bin ta kullum, da muka matsa muka je kwana biyu a jere sai da zazzaɓi ya kwantar da ita. Sannu a hankali taurin ya fara saki. Ni na yi murna, na ɗauka sauƙi ne. Ita ta san ba sauƙi ba ne.

Na yi duk abin da na ji mata suna faɗi. Na soya riɗi na niƙa na dama mata da sukari, na yi miyar busasshen kifi, na sayo malta kwali guda. Ta sha don kar raina ya ɓaci. Amma in ta tambaye ni, “Titi, haka ake ji? Haka yake yi kafin ya zo, ko kafin ya tafi?” sai in rasa ta cewa. Na san yadda ake sauke zazzaɓi, na san yadda ake kitso, na san yadda ake korar saurayin banza daga ƙofar gida. Wannan ɗaya ne ban sani ba, kuma ban taɓa jin zafin rashin haihuwata kamar a wannan makon ba.

Na kira 'yan inshora. Bayan sun gama kunna min kiɗa, wata mai zaƙin murya ta ce ai an kawo, an karɓa, har an sa hannu.

“Wa ya sa hannu?”

“An rubuta Pietri, Doña.”

“Ke, rabin dutsen nan Pietri ne! Har karnukanmu Pietri ne! Wane Pietri?”

Ta ce ba ta iya karanta sauran ba. Ta ce a wurinsu an riga an bayar, kuma ɗaya ne ga kowace haihuwa, amma za ta buɗe bincike, in yi haƙuri makonni kaɗan. Na ce mata nono ba ya jiran bincike. Na faɗa mata wasu maganganun kuma, waɗanda sai da na kai su gaban fada a coci ranar Asabar.

Da na shiga ɗaki na tarar da Yarimar zaune, gorar a hannunta, babu komai a ciki sai danshi. Yarinyar da kowace safiya sai ta ce “Titi, sa min albarka” kafin ta sa komai a baki, ranar ko kallona ba ta yi ba.

“Titi, na kasa riƙe shi a ciki har lokacinsa ya yi. Yanzu abu ɗaya aka ce in yi masa, shi ma na kasa.”

Na zauna na jawo kanta na ɗora a kafaɗata. Na ce mata ƙarya ne, na ce za mu saya ko da zan sayar da mota. Ta ce ta riga ta duba, irin mai ƙarfin babu shi a garinmu, sai an yi oda, kuma odar ma wannan hanyar za ta biyo. Wilfredo ya kira yana kuka daga Florida, ta lallashe shi, ita da ya kamata a lallasa.

Washegari da safe na sauka gidan burodi. Ina cikin layi sai na ji Fela mai burodi tana ba wata labari tana dariya.

“Kin ga Don Teyo kwanan nan? Ya ce asmarsa ta kusa warkewa. Inshorarsa ta turo masa sabon inji, wai na zamani, mai mazurari biyu. A ƙirji ake mannawa.”

Burodin da na biya ma a kan teburin shagon na bar shi.

Don Teyo, wato Eleuterio Pietri, ɗan'uwan babanmu ne na nesa. Gidansa yana ƙasa da nawa, bayan kwana ɗaya, gonakinmu sun haɗa iyaka. Mun daɗe ba ma ga maciji da shi saboda wata bishiyar fiya da ta tsiro a tsakani, saiwarta a wajena, rassanta a wajensa. Tun rasuwar matarsa Carmín ba ya fita sosai, kunnensa ɗaya ya mutu, ƙirjinsa kullum yana kuka. Sai da na tsayar da mota a ƙofarsa na lura da abin da nake wucewa kullum ban taɓa sa shi a lissafi ba. Bara 'ya'yansa sun zo hutu sun yi wa gidan fenti shuɗi. Mu dai gidan Carmín muke ce masa.

Na same shi a baranda kan kujerar lilo, babu riga, idonsa a lumshe. Ya manna mazurari biyu a ƙirjinsa mai furfura, ya riƙe su da hannu bibbiyu, injin yana kan tebur yana ta fuu, cak, fuu, cak.

“Eleuterio Pietri!”

Ya buɗe ido ɗaya. “Monserrate. In maganar fiya ce, ki dawo in na gama shan magani.”

“Uban wa ya ba ka wannan?”

“Inshorata mana. Tun kafin Ista nake jiran injin asmata, sai yanzu suka ga dama. Amma sun kyauta, na zamani suka turo. Tsohon nawa hayaƙi yake hura wa mutum a hanci. Wannan kuwa kai tsaye yake zuƙo majinar daga ƙirji.”

“Ka ga majinar ta fito?”

“Ba ta fito ba tukuna, amma ina jin tana tahowa.”

“Ba ka karanta kwalin ba?”

“Rubutun ƙanana ne, tabarauna kuma ya karye. Hoto na bi.”

“Hoton wa ka gani a jiki?”

“Mace. Ai su ko tayar mota za su sayar mace suke sawa.”

Na zo da faɗa cike da bakina, na shirya shi tun daga gidan burodi. Amma da na ga jajayen zobba biyu da injin ya bari a ƙirjin tsohon nan, sai na rasa ta inda zan fara. Na miƙa hannu na kashe injin. Na matsa wajen kunnensa mai ji na ce, “Wannan na tatsar nono ne, Teyo. Na Yarimar ne. Mako guda muna nemansa, nononta yana ƙafewa.”

Ya sauke mazuraran a hankali ya ɗora a cinya. Na zaci kunya ce za ta kama shi, ko ya yi musu kamar yadda ya saba. Sai ya ɗago ya kalle ni.

“Nono? Wa zai sha?”

“Ɗanta mana. Wa kake so ya sha, kai?”

“Yaron yana da rai?”

Na ce, “Wa ya ce maka ba shi da rai?”

“Ina nan zaune kuka wuce ranar da kuka dawo,” ya ce. “Na leƙa motar. Na ga kujerar a baya babu kowa, na ga yarinyar ta jingina kai da gilashi. Na ce shi ke nan. Mu ma haka muka hawo dutsen nan ni da Carmín da na farinmu, bargon a ninke a cinyarta. Na so in zo in yi muku gaisuwa, na sa riga har sau biyu. Sai na ce Monserrate za ta kore ni, kuma ban ji an yi sanarwa ba, ƙila ba kwa son a yi maganar.”

Ya nuna cikin falo da haɓa. Ta ƙofa na hango hoton Carmín a kan kabad, da kyandir yana ci a gabansa, da wani ƙarami a gefe.

“Ƙaramin na yaron ne,” ya ce. “Ban san sunansa ba.”

Na manta da wannan jaririn na Carmín. Ina budurwa lokacin, na tuna dai an yi kwanaki ba a kunna rediyo a gidan ba. Na ce, “Sunansa Amaury. Yana Ponce a kwalba, yana shure-shure kamar ɗan akuya. Je ka kashe kyandir ɗin nan kafin ka jawo mana abin da ba mu nema ba.”

Ya tashi da sauri har kujerar ta bugi bango. Na ji shi a ciki yana hurawa, numfashin bai isa ba, sai da ya hura sau da yawa. Da ya fito fuskarsa jiƙe take, kuma dariya yake yi.

Na kira Misis Lugo daga nan barandar na gaya mata komai, don ban san ko injin ya ɓaci ba ke nan. Sai na ji ta kira wata nas tana cewa zo ki ji. Da ta gama dariyarta ta ce injin kansa babu abin da ya same shi. Duk abin da ya taɓa fata a tafasa shi sosai, in mun zo za ta ba mu sababbi.

Na ce zan tafi da shi. Don Teyo ya ce a'a, shi ya karɓa, shi zai mayar. Ya sa farar rigarsa ta zuwa coci, ya taje gashinsa, ya mayar da komai cikin kwali har da ledojin, ya rungume shi a kujerar gaba. Tafiyar ba ta da nisa amma sai da ya ce in rage gudu.

Yarimar tana kwance ta juya wa ƙofa baya. Ya tsaya a bakin ɗakin ya cire hula.

“'Yata, na zo neman gafara. Kayanki ne suka sauka a wurina, na yi amfani da su bisa kuskure.”

Ta juyo ta ga kwalin, ta yunƙura ta zauna. “Don Teyo, amfani kuma? Wa ya yi amfani da shi?”

“Ni. Safe da yamma.” Ya gyara tsayuwa. “Kuma in gaya miki gaskiya, yana da ƙarfi. Kar ki fara da lamba ta sama, za ki ga taurari. Ki fara daga ƙasa ki riƙa hawa.”

Ta kalle shi, ta kalle ni. Ni kuwa na kafa wa silin ido. Sai dariya ta ƙwace mata. Ta danne ɗinkinta da filo tana cewa wayyo cikina, ku fitar da shi zai kashe ni, tana dariya hawaye na zuba, har ban san lokacin da dariyar ta koma kuka ba. Don Teyo ya tsaya yana murza hularsa. Da ta lafa ya ce mata Carmín takan ɗora tsumma mai ɗumi kafin ta ba yara, ban da wannan shi bai san komai ba. Ya sa mata albarka ya fita, na bi shi da kofin gahawa. Ya sha a tsaye, bai yi maganar fiya ba, ni ma ban yi ba.

Na so in ce daga kunna inji nono ya ɓalle. Bai ɓalle ba. Na tafasa komai a tukunyar da ban taɓa dafa komai a ciki ba, na ɗora mata tsumma mai ɗumi, ta zauna, injin ya yi ta fuu, cak. Ɗigo ya fito, wani ya biyo shi, shi ke nan. Ta huta ta sake. Haka ta wuni, haka ta kwana, haka ta sake wuni. Ina kicin ina jin ƙarar ta bango, har na fara yanka albasa da kiɗanta. Duk abin da ta tara a kwanakin nan, in ka juye shi wuri ɗaya, da ƙyar zai rufe gindin ƙaramin kofi.

Ranar da za mu koma Ponce, Misis Lugo ta kira da sassafe ta ce likita ya yarda a fara gwada cikin yaron, mu zo da abin da muke da shi. Na sa 'yan gorunan a ƙaramar kula da ƙanƙara. Da muka tsaya a asibiti Yarimar ta riƙe hannuna.

“Titi, mu bar shi a mota. Sauran matan da jaka suke kawowa, na gani a firij. Zan ce na manta.”

“Ki ce kin manta ni kuma in tsaya ina jin ki? Sauko.”

Ta sauko, amma ta ɓoye kular a bayan jakarta kamar kayan sata. Muka wanke hannu har gwiwar hannu, aka ɗaura mana riguna. Ranar aka bar ni na shiga, don na ce ni ce kaka, kuma babu wanda ya nemi shaida.

Misis Lugo ta buɗe kular ta ɗaga gora ɗaya ta duba a haske. Yarimar ta sunkuyar da kai ta fara ba da haƙuri.

“Haƙurin me?” Nas ɗin ta ɗauko wani siririn sirinji ta zuƙi kaɗan, ta nuna mata. “Kin ga wannan? Abincinsa ke nan na yanzu, ya ƙoshi har ya yi gyatsa. Cikinsa bai kai kan babban yatsanki ba. Me kike so ki kawo masa, bokiti? Abin da ke kular nan zai kai shi gobe. Na jibi kuma ki je ki nemo.”

Ta kai mu gaban kwalbar. Amaury yana kwance rub da ciki, fatarsa ja, haƙarƙarinsa yana hawa yana sauka da sauri. An cire robar cibiyar da ta maƙogwaro, saura ta hanci. Ta jona sirinjin a robar, farin abin ya bi ta a hankali har ya ɓace. Sannan ta tsoma ɗan auduga a ragowar ta miƙa wa Yarimar.

“Sa hannu ta tagar nan ki shafa masa a leɓe. Ya san ɗanɗanon uwarsa.”

Ta sa hannu ta shafa. Da farko bai yi komai ba. Sai ɗan bakin ya motsa, harshe ya leƙo, ya tsotsi leɓensa na ƙasa. Ya yamutsa fuska, ya juya kai yana neman inda abin ya tafi, da bai samu ba ya buɗe baki ya saki kuka. Siririn kuka ne kamar na ɗan kyanwa, gilashin ma ya rage shi. Yarimar ba ta taɓa jin muryarsa ba, don ranar haihuwa tana cikin maganin barci, daga baya kuma kullum da roba a maƙogwaronsa.

“Au, ashe mafaɗaci ne,” in ji Misis Lugo. “Zauna, uwa. Buɗe rigar.”

Ta tattara wayoyin a hannu ɗaya, ta ɗago shi da ɗayan, ta kwantar da shi a tsakiyar ƙirjin Yarimar, fata da fata, ta rufa musu bargo. Kukan ya tsaya. Yarimar ta ƙame, ko numfashin kirki ba ta yi, tafinta ɗaya ya rufe bayansa gaba ɗaya. Ni na koma gefe na riƙe jakunkuna, ina kallon bango don kar in ba da kunya.

Can na ji ta ce, “Titi.”

Muryar ta ba ni tsoro, na juyo da sauri. Ba ta kalle ni ba, ƙasa take kallo.

“Titi, duba. Wani abu yana tsira min kamar allura.”

Rigar asibitin ta jiƙe ta gefen dama, danshin yana faɗaɗa ina gani, ta hagu ma ta fara. Yana ɗiga a kan bargon, yana gangarawa ta gefen cikinta, ba inji, ba hannu, ba kowa.

“Kaka!” Misis Lugo ta daka min tsawa. “Me kike kallo? Ga goruna can a kan tebur, kawo biyu, yana zubewa a banza!”

Na watsar da jakunkunan a ƙasa na ruga. Na dawo na durƙusa a gaban kujerar, gwiwoyina da suka daina durƙuso ko a coci, na tara gora ɗaya nan ɗaya can. Ɗumin yana ratsa robar yana taɓa yatsuna. Ban taɓa sanin da ɗumi yake fitowa haka ba.

“Riƙe da kyau, Titi,” Yarimar ta ce a hankali, bakinta a kan gashin yaron. “Na jibi ne.”